Cigiyar Dangi Bayan Yaƙin Hitila: Yadda Yahudawan da Suka Fita Suka Nemi Waɗanda Suka Bari

Tambaya: Malam, na sha jin cewa Jamusawan zamanin Hitila ba su bar komai ba sai da suka rubuta. In haka ne, me ya sa Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Falasɗinu kafin yaƙi suka yi shekara da shekaru ba su san abin da ya sami iyayensu da 'yan'uwansu ba? Ta wace hanya suka yi cigiyarsu, kuma har yanzu ana samun labari?

Amsa: Malam, abin da ka ji rabinsa gaskiya ne. 'Yan Nazi sun yi rubutu mai yawa, amma sunan wanda suke son su ci moriyar ƙarfinsa kafin ya mutu suka fi rubutawa. Wanda aka kashe ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa, ko aka harbe shi a bakin rami a bayan garinsu, cikin lissafi kawai ya shiga, sunansa bai hau takarda ba. Akasarin Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka kuwa ta wannan hanya suka tafi. Shi ya sa mai cigiya zai rubuta wa ofishin da ke da takardu ɗaki-ɗaki, a duba masa tsakani da Allah, a dawo masa da amsa cewa ba a ga komai ba.

Dubi Auschwitz, sansanin da kowa ya sani. An kai mutum wajen miliyan 1.3, amma kimanin 400,000 ne aka yi wa rajista aka ba su lamba. Sauran, tsofaffi da yara da mata masu goyo, daga bakin tarago aka wuce da su ɗakunan iskar guba. A sansanin Treblinka an kashe kusan mutum 900,000 ba tare da rajistar suna ba. Akwai wani saƙon waya da wani jami'in SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, mai suna Hermann Höfle ya aika a Janairun 1943, wanda Ingila ta tare, aka gano shi a ma'adanar takardunta a 2000. Ya ba da jimillar waɗanda aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942: mutum 1,274,166. Lissafi ne har zuwa mutum na ƙarshe, babu suna ko ɗaya. Haka rahoton kisan Babi Yar a gefen birnin Kiev, inda aka harbe mutum 33,771 cikin kwana biyu a Satumban 1941.

A yammacin Turai abin ya sha bamban. Daga sansanin Drancy na Faransa da Westerbork na Holan, kowane jirgi da jerin sunayen mutanen cikinsa, da ranar haihuwa, da ranar tashi. Holan an kwashi wajen mutum 107,000, kimanin 5,000 suka dawo, amma an san jirgin da kusan kowa ya shiga. A Faransa lauya Serge Klarsfeld ya tattara sunayen kusan 76,000 ya buga a 1978. Saboda haka wanda aka ɗauke mahaifiyarsa daga Amsterdam yana iya samun rana da wuri. Wanda tasa ke wani ƙauye a gabashin Poland ko Yukren, sau da yawa har ya koma ga Mahaliccinsa ba amo ba labari.

Su masu cigiyar ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsofaffin baƙi, cikin mutum fiye da miliyan 2 da suka bar gabashin Turai zuwa Amurka daga 1881 har dokar 1924 ta tsuke ƙofa. Waɗannan sun bar iyaye da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa, suna aika musu kuɗi da hotuna. Akwai waɗanda suka gudu daga Jamus da Ostiriya bayan 1933, zuwa Ingila da Amurka da Ajantina da Shanghai da Falasɗinu da ke hannun Turawan Ingila a lokacin. Sai yara kusan 10,000 da Ingila ta karɓa tsakanin Disambar 1938 da Satumbar 1939, iyayensu suka raka su tasha da alkawarin suna nan biye. A Oktoban 1941 Jamus ta hana Yahudawa fita kwata-kwata.

Wasiƙa ba ta yanke lokaci ɗaya ba, a hankali ta riƙa ƙanƙancewa. Da ƙasa ta shiga yaƙi da Jamus, sai hanyar gidan waya ta toshe, ya rage takardar saƙo ta Red Cross da ke bi ta Janeba: kalma 25, maganar iyali kaɗai, a rubuta amsa a bayan takardar, ta yi watanni a hanya. Gidaje da yawa abin da ya rage musu na iyayensu ke nan, layi uku na cewa muna lafiya, za mu yi tafiya, kada ku damu in kun ji shiru. Wasu kuma ambulan ɗinsu ne ya dawo da hatimin gidan waya cewa mai shi ya tashi bai bar adireshi ba. Har da yaudara da gangan: a 1944 an tilasta wa wasu Yahudawan Hangari da aka kai Auschwitz su rubuta kati gida cewa suna aiki lafiya a wani wuri wai shi Waldsee. Irin wannan kati ya sa wasu dangi zaman jiran gawon shanu har bayan yaƙi.

Da aka buɗe sansanoni a 1945, abu na farko da waɗanda suka tsira suka nema bayan abinci shi ne takarda da fensir. Wani malamin addinin Yahudu a rundunar Amurka, Abraham Klausner, ya isa sansanin Dachau a watan Mayu, ya ga kowa tambayar da yake yi ke nan, sai ya shiga bin sansanonin Bavariya yana rubuta sunaye, ya buga su littafi-littafi har shida ya rarraba duniya. A Birnin Ƙudus Hukumar Yahudawa ta buɗe ofishin neman dangi a shekarar, ta buga kundi biyu masu sunaye wajen 118,000. A Poland Kwamitin Yahudawa na ƙasa, wanda aka kafa a Lublin a Nuwambar 1944, ya riƙa yi wa duk wanda ya fito daga maɓoya ko daji ko sansani kati. A New York ƙungiyoyin agaji irin su Joint da HIAS sun haɗa ma'adanar katuna guda tun 1944 don kada kowa ya riƙa nema shi kaɗai. Jaridar Aufbau ta baƙin da ke jin Jamusanci tana buga jerin waɗanda suka tsira, a gefe guda kuma shafukan cigiya: ana neman wance, 'yar wane, haifaffiyar gari kaza, ganin ƙarshe a wuri kaza. A Paris kuwa otal ɗin Lutetia aka mayar masaukin masu dawowa, dangi suka riƙa tsayuwa a ƙofa riƙe da hotuna suna nuna wa duk wanda ya sauko daga mota.

Rediyo ma ya yi nasa. Gidan rediyon Isra'ila ya yi shekaru yana karanta sunaye da tsakar rana, kuma waɗanda suka tashi a gidajen baƙi a shekarun 1950 suna ba da labarin yadda ake tsawata wa yara su yi tsit har a gama, uwa na tsaye da ludayi a hannu.

To me ya hana waɗannan jerin sunaye warware matsalar? Na farko, mutanen ba a zaune suke ba. Wanda aka rubuta a Lodz a watan Maris, kafin wasiƙar kawunsa ta iso daga Chicago ya tsallaka Jamus. Fiye da Yahudawan Poland 100,000 da suka tsira a Saberiya da Kazakistan da Uzbekistan sai a 1946 suka dawo, wato bayan an buga jerin farko, dangi sun duba ba su gan su ba har sun yi makoki. Da suka dawo kuma ba su tarar da wurin zama ba. Ranar 4 ga Yulin 1946 aka kashe Yahudawa 42 a garin Kielce, sai dubun dubata suka kwashe kayansu suka nufi sansanonin 'yan gudun hijira na Jamus da Ostiriya da Italiya, inda yawansu ya kai wajen 250,000.

Na biyu shi ne suna, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban irin waɗannan katuna ya san nan ne gizo ke saƙa. Mutum ɗaya yana da sunan Yahudanci da ake kiransa a gida, da na Ibrananci na wurin ibada, da na takardar gwamnati da harshen Poland ko Rashanci. Magatakardan Bajamushe ya rubuta yadda kunnensa ya ji, na Amurka ya sake rubutawa yadda nasa ya ji. Ma'aikatan babban ofishin cigiya na garin Arolsen a Jamus sun ƙirga hanyoyi sama da 800 da aka rubuta sunan Abramovich, dole ta sa suka jera katunansu bisa lafazi maimakon bisa harafi. Garuruwa ma haka: Lemberg da Lwów da Lvov da Lviv duk gari ɗaya ne. Ƙari a kan wannan, mutane sun yi ƙarya don su rayu. Yaro ɗan shekara 14 ya ce 17 yake don a tura shi layin aiki, dattijo ya rage shekarunsa. Bayan yaƙi wasu sun sauya garin haihuwa don kada a mayar da su Tarayyar Sobiyet. 'Yan mata sun yi aure a sansanonin gudun hijira, inda aka yi ta ɗaura aure ba ƙaƙƙautawa, sunan gidansu ya ɓace. Wanda ya isa Isra'ila ya ɗauki sunan Ibrananci, wanda ya isa Amurka ya gajarta nasa. Sai ka ga wa da ƙanwa suna neman juna ruwa a jallo, kowa da sunan da ɗayan bai taɓa ji ba.

A ganina, kuma wannan ne abin da masu karatun tarihin nan suka fi tsallakewa, yawancin amsoshin da mutane suka samu daga bakin ɗan garinsu suka fito. Baƙin da ke New York da Buenos Aires da Tel Aviv da Johannesburg suna da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda tun asali aka kafa don taimakon mara lafiya da sayen filin maƙabarta. In aka ji wani ɗan garin ya tsira yana sansanin gudun hijira na Feldafing ko Landsberg a Jamus, sai wasiƙu su yi masa rubdugu: ka ga babana? Ina ƙanwata da 'ya'yanta uku, masu shago kusa da kasuwa? Shi kuma ya zauna ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Wane ya mutu da zazzaɓi a unguwar da aka killace mu. Su wance an tafi da su a kwashewar farko, bayan idin kaka. Wane na gan shi da rai a daji har lokacin sanyi, daga nan ban sani ba. Wasu masu amsar sun sassauta, sun ɓoye yadda mutuwar ta kasance, wasu sun faɗa ƙarara. Daga baya waɗannan ƙungiyoyi suka tara kuɗi suka buga littattafan tunawa da garuruwansu, ɗaruruwa, kowanne da jerin matattu a ƙarshensa gida-gida, wani lokaci a rubuta "da matarsa da 'ya'ya huɗu" don babu wanda ya rage da ya tuna sunayen yaran.

Rashin sanin rana ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, domin Bayahude yana yi wa mamacinsa addu'a da kunna kyandir kowace shekara a ranar rasuwarsa. 'Yan gari da yawa sai suka ɗauki ranar da aka kwashe garin ta zama ranar kowa. Majalisar manyan malaman Isra'ila kuma ta ware 10 ga watan Tebet na kalandarsu don waɗanda ba a san ranar mutuwarsu ba.

Sai maganar aure da gado. A shari'ar Yahudu mace ba ta sake aure sai da takardar saki ko tabbacin mutuwar miji. Wanda ya karanta babin matar wanda ya ɓace a fiƙihun Malikiyya, inda alƙali kan sa mata shekara huɗu sannan ta yi takaba, zai gane nauyin abin, sai dai su ba su da wa'adi, shaida ake nema. Malamansu suka kafa kotuna a sansanonin gudun hijira irin su Bergen-Belsen, suna karɓar shaidar mutum ɗaya, ko ta wanda ya ji daga wani, suna auna ko wanda aka tura layin hagu, wato na kisa, da yaro a hannu ana iya yanke cewa ya mutu. Kotunan gwamnati ma sun sha fama, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a 1950 kan ayyana mutuwar waɗanda suka ɓace. Dokar diyya ta Jamus ta Yamma takan ɗauki 8 ga Mayun 1945 a matsayin ranar mutuwar wanda ba a san tasa ba. Don haka in ka ga wannan rana a takardar wani, kada ka ɗauka ya rayu har ƙarshen yaƙi.

Cigiyar yara ta fi kowace ɗaci, domin a nan wani lokaci an san inda yaron yake, mai riƙonsa ne ya ƙi saki. Shari'ar 'ya'yan Finaly ta girgiza Faransa. Mahaifinsu likita ne ɗan gudun hijira daga Ostiriya da ya zauna kusa da Grenoble. An kama shi da matarsa a Fabrairun 1944 aka kai su Auschwitz, yaran biyu, Robert da Gérald, suka ƙare a hannun Antoinette Brun, shugabar wani gidan renon yara. Tun 1945 gwaggonsu da ke New Zealand ta gano su ta nemi a ba ta, matar ta yi ta ja mata rai, a 1948 ta sa aka yi musu baftisma. Wata gwaggon da ke Isra'ila ta ci gaba da shari'a. Da kotu ta ba dangi gaskiya, sai wasu 'yan coci suka ɓoye yaran, aka tsallaka da su Sifen. Sai a tsakiyar 1953 aka dawo da su, suka tafi wurin gwaggonsu. Matar nan ta ceci ransu, wannan ba a musu, kuma shi ya sa shari'ar ta raba kan mutane. Waɗannan sun ci sa'a suna da dangi masu naci. Jarirai da yawa da aka bari a gidajen manoma da gidajen 'yan zuhudu a Poland sun girma ba su san asalinsu ba, wasu sai a bakin mai riƙonsu tana gargarar mutuwa suka ji.

Daga 1948 kuma siyasa ta sake rufe ƙofa. A Tarayyar Sobiyet samun wasiƙa daga Amurka ko Isra'ila abin tsoro ne, takardar neman aiki ma tana tambaya ko kana da dangi a waje. Kwamitin Yahudawa na Mosko, wanda mutane ke rubuta wa cigiya, an rushe shi a 1948, aka harbe mutum 13 da aka yi wa shari'a a kansa a Agustan 1952. Mutane suka daina amsa wasiƙa don kare 'ya'yansu, na waje kuma suka fassara shirun da mutuwa. Littattafan mutuwa 46 na Auschwitz, masu sunaye kusan 69,000, sojojin Sobiyet sun kwashe su zuwa Mosko, ba a ga cikinsu ba sai wajajen 1990. Da aka buɗe ƙofa, Yahudawa kusan miliyan ɗaya suka koma Isra'ila, sai ga tsofaffi suna haɗuwa da 'yan'uwan da suka yi wa addu'ar mamaci shekara arba'in.

Babban ofishin cigiya na ƙasa da ƙasa yana garin Bad Arolsen a Jamus tun 1946, Red Cross ta riƙe shi daga 1955 zuwa 2012. Yana da takardu wajen miliyan 30 da suka shafi mutum miliyan 17.5, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba. Ya yi aiki, amma ba zan wanke shi ba. Shekaru da dama ƙofarsa a rufe take ga masu bincike da sunan kare sirrin mutane, tambayoyi suka taru ɗaruruwan dubbai, tsoho ya rubuta ya jira shekaru, wani amsar ta tarar an binne shi. Sai a 2006 ƙasashe 11 da ke kula da shi suka yarda a buɗe, aka buɗe a 2007. Abin da ya fito fili bayan buɗewar shi ne cewa wasiƙun masu cigiyar kansu sun zama taska. Duk wanda ya rubuta an buɗe masa fayil, da sunansa da adireshinsa da abin da ya sani. Jikan da ya je yau yana neman kakarsa ba lalle ya sami takardar mutuwarta ba, amma yana iya tarar da cewa a 1957 wani daga Melbourne ya nemi wannan matar, ya ce shi ƙaninta ne. Ta nan ake gano reshen dangi da ba a san ya tsira ba.

Haka takardun shaida na Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da aka hallaka da ke Birnin Ƙudus, da aka fara tarawa a shekarun 1950. Shafi ɗaya ne ga kowane mamaci, ɗan'uwa ko maƙwabci ya cika, ya sa sunansa da adireshinsa a ƙasa. Da aka ɗora su a intanet a 2004, an sami waɗanda suka tarar an cika musu shafin mamaci alhali suna raye, suka bi sunan mai cikawar suka iske ɗan'uwansu. Sunayen da cibiyar ta tattara sun kai wajen miliyan 5. Mafi yawan waɗanda suka rage na Poland ne da yankunan Sobiyet, inda aka share gida gaba ɗaya har babu mai cika takarda.

Game da ko ana samun labari har yanzu, ana samu, sai dai yanzu jikoki ne ke nema. Mai nema ya fara da sunan garin asali da duk yadda ake rubuta shi, da sunan mace kafin aure, ya kuma yi sassauci kan shekarar haihuwa. Ya duba rumbun Yad Vashem da na Arolsen a intanet, ya lura da wanda ya cika takarda ko ya aiko tambaya, kada ya tsaya kan sunan mamacin kawai. Gidan tarihin kisan kiyashi na Washington da ɗakin karatu na Wiener a Landan suna da kwafin takardun Arolsen, katunan waɗanda suka tsira a Poland kuma suna Cibiyar Tarihin Yahudawa ta Warsaw. Waɗanda aka ɓoye suna jarirai, da ba su da ko sunan da za su fara da shi, gwajin ƙwayoyin halitta ne ke haɗa wasunsu da dangi a 'yan shekarun nan. Arolsen ba ta karɓar ko sisi daga dangi, amma amsarta takan ɗauki watanni.